Abin da Na Zuba wa Habu a Fura

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ƙanwata Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fata kin sauka lafiya, kin sami gado a inda rufi ba ya yoyo, da abokan zama masu tsoron Allah. Allah Ya tsare min ke a hanya da inda kika sauka. Na sa wannan takarda a ƙarƙashin ledar ƙuli-ƙuli don na san nan hannunki zai fara zuwa. Ki karanta ke kaɗai. In kin ga kuskure a rubutuna ki yi haƙuri, kin san a aji shida na tsaya.

Tun da Inna ta rasu ni ce uwarki, ko da yake shekara biyar kawai na ba ki. Ni na goya ki, ni na yi miki kitson shiga aji ɗaya kina ta harbin ƙafa. Uwa takan yi wa 'yarta nasiha in za ta bar gida. Ni ba ni da wayon manya. Kurakuraina kawai nake da su, su zan ba ki.

Zan fara da abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da ƙaninmu Habu ya faɗi a tsakar gida, idonsa ya juye, yawu yana zuba, aka ce aljanu ne suka buge shi, ba aljanu ba ne. Ni ce. Maganin barci na zuba masa a fura.

Kin san abin da ya biyo baya. Baffa, da yake Baba yana kurmi, ya yanke cewa da an gama cirar gyaɗa zai kai shi gidan malamin nan da ake sa wa masu taɓin hankali mari a ƙafa. Bai fi kwana goma ya rage ba. Yaro ɗan shekara tara, wanda ko hula aka sa masa sai ya yi ta kuka har a cire, shi za a sa wa ƙarfe. Kuma a kan abin da hannuna ya yi.

Zan zo kan yadda abin ya faru. Amma ba ranar ya fara ba. Kin ce malamar asibiti kike so ki zama. To ki saurara, wata rana irina za su zo gabanki, kansu a sunkuye.

Wata shekara, kina aji uku, na je famfon bakin kasuwa da Habu. Yana riƙe da bakin hijabina yana wannan kaɗa hannun nasa, yana gurnani a hankali kamar yadda yake yi in ya ji daɗi. Wasu 'yan mata baƙi da suka zo biki daga Baure suna layi. Ɗaya ta ce, "Ke, wannan mahaukacin ƙaninki ne?" Sai na ji bakina ya ce, "A'a, ɗan maƙwabta ne." Na fizge hijabina daga hannunsa. Ya tsaya yana kallon yatsunsa. Mutane suna cewa ba ya gane komai. Ƙarya ne. Kwana biyu bai yarda na ba shi abinci ba, sai ke. Kin yi ta murna kina cewa ya fi son ki. Yanzu kin ji dalili.

Rabi, a makaranta za a tambaye ki ku nawa ne a ɗakinku. Ki ce mu uku. Ki faɗi sunansa. In an yi dariya, dariyar takan wuce kafin a tashi daga wurin. Wannan kalma tawa kuwa har yau tana nan a wuyana.

Sai maganar kakarmu Iya. Bayan ta faɗi a bakin makewayi ƙugunta ya goce, mai ɗori ya yi iya yinsa, amma ba ta ƙara tashi da ƙafarta ba. Ni ke mata wanka, don haka ni na fara ganin wurin. A ƙasan bayanta ne, inda ƙashi ke gogar katifa. Da fari ja ne kawai, daga baya ya fashe. Na ce, "Iya, wurin nan fa ya yi miki." Ta ce, "Rufe min baki, mai wuyan zalɓe. Ki barbaɗa toka." Na barbaɗa.

Da zazzaɓi ya matsa mata, Baffa ya ɗaura amalanke ya kai mu asibitin sha-ka-tafi. Ya tsaya a waje wurin shanu, tunda shi ɗan fari ne, ba zai zauna ana duba mahaifiyarsa ba. Ma'aikacin da muka tarar namiji ne, saurayi mai fara'a.

"Sannu Iya. Ya jiki?"

"Da sauƙi, ɗan nan. Alhamdulillahi."

"Ina ne ke miki ciwo?"

"Tsufa ne. In kana da allurarsa ka yi min biyu."

Ya yi dariya. Ya juyo wurina ya ce, "'Yan mata, akwai wani abin da kika lura da shi?"

Ina durƙushe, ina murza bakin hijabi. Maganar tana bakina. Amma yaya zan ce wa namiji ya duba ƙasan bayan kakata? Na ce, "Babu." Ya ba mu maganin zazzaɓi muka dawo. Mutumin nan bai yi laifi ba, ya tambaya har sau uku. Iya ma ba ta yi ƙarya ba a ganinta, don a wurinta wanda ya ce jiki babu sauƙi ya yi wa Allah butulci. Ni ce na sani, na yi shiru. Wata biyu mikin yana ci, har hannu yana iya shiga.

Don haka in kin zama abin da kike so, kada ki ɗauki "da sauƙi" a matsayin amsa. Gaisuwa ce. Tsohuwa ko tana bakin mutuwa haka za ta ce miki. Ki amsa gaisuwar, ki fitar da maza, ki ja labule, sannan ki sake tambaya. Kuma ki kira yarinyar da ta kawo ta gefe. Ita ke wankin zannuwan, ita ta san komai. Kada ki tambaye ta a gaban manya, ba za ta faɗa ba.

Wadda ta cece mu ba don Iya ma ta zo ba. Malama Indo ce, ma'aikaciyar lafiyar da ke bi gida-gida da akwatin sanyi tana ɗiga wa yara maganin riga-kafi. Kina makaranta ranar. Ta gama da 'ya'yan Baffa, har ta ciro alli za ta yi alama a bango, sai ta tsaya tana shaƙar iska.

"Wa ke kwance a ɗakin can?"

Na ce kakarmu ce. Ta cire takalmi ta shiga, ta durƙusa ta gaishe ta gaisuwa mai tsawo, har da tambayar mutanen da suka mutu tun ba a haife ni ba. Sannan ta saki labule ta ce, "Iya, ni 'yarki ce. Juya min in gani."

Iya ta ce, "Ɗigon yara aka aiko ki, ko leƙen tsofaffi?"

"Duka biyun, Iya. Ke ma ai yarinya ce, haƙori biyu gare ki."

Iya ta yi dariya har da tari, ta juya. Da Malama ta ga wurin ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta harare ni ba. Ta ce in tafasa ruwa in sa gishiri kaɗan. Ta wanke tokar nan duka. Ta nuna min yadda zan riƙa juya Iya, daga dama zuwa hagu, kowace salla da tsakanin salloli, in tokare ta da matashin tsumma. Ta bar takarda, Baffa ya kai Iya asibiti aka ba ta magani. Kin ga da idonki yadda wurin ya cike. Abin da na daɗe ina tunani shi ne, da hancin matar nan bai ji ba fa? Tsofaffi nawa ne ke kwance a ɗakunan garin nan da babu wanda aka aiko dominsu? Ana bin gidaje saboda jarirai, kuma hakan ya yi kyau. In kin sami bakin magana wata rana, ki ce a riƙa leƙa ɗakin ƙurya ma. Wanda ba ya iya hawa babur ba zai zo layi ba.

Ranar ce kuma Malama ta ga Habu. Yana bakin ƙofar Iya yana jera ƙwallayen goribarsa, babba zuwa ƙarami, kamar kullum. Ta zauna a ƙasa nesa da shi kaɗan, ba ta taɓa shi ba. Ta ɗauki ƙwallo ɗaya da ya gangaro ta ajiye a inda ya dace da girmansa. Habu ya dubi ƙwallon, ya bar shi a wurin. Kin san ko ni ba ya bari in sa hannu a layin nan.

Ta yi min tambayoyi. Yana waigowa in an kira sunansa? Me ke sa shi kuka? Na ce ƙarar injin niƙa da babur. Me yake ci? Na ce fura da tuwo gaya, in miya ta taɓa shi, shi ke nan. Me ya iya? Wannan tambayar ba wanda ya taɓa yi min ita. Na ce da an fara kiran salla yake kawo wa Iya buta da roba, bai taɓa kuskure ba, kuma in Iya tana jan carbi yakan kwantar da kansa a ƙafarta ya yi lamo.

Iya ta ce daga ciki, "Maigidana ke nan. Cefane ne dai ba ya yi, amma ya fi mazan garin nan amana."

Malama ta ce min, "Wannan ba iska ba ce, kuma ba hauka ba ne. Mun san irinsa. Wasu na ce masa galahanga." Ta faɗi sunan da Turanci ma, bai zauna min ba. Ta ce haka Allah Ya halicci ƙwaƙwalwarsa, ƙara da taɓi suna masa yawa fiye da mu. Duka da ɗauri ƙara rikita shi suke yi. Koya masa ake yi a hankali, abu ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai likitocin irin waɗannan yara a birni. Da za ta tafi, Baffa ba ya gida, ta ce, "Ki faɗa wa maigidan nan ina son magana da shi a kan yaron."

Na ce to.

Rabi, ban faɗa ba. Tun da nake ban taɓa ce wa Baffa komai ba bayan ina kwana da sannu da zuwa. Sau da yawa na kai masa abinci zaure da niyyar faɗa, sai in ajiye kwano in gudo. Na ce bari in kai Habu wurinta da kaina ranar awo. Muka tarar da mata cike da baranda, jarirai na kuka, aka kuma tayar da janareta a bayan taga. Habu ya toshe kunnuwa ya kwanta a ƙasa yana ihu, ya ciji hannuna. Wata mata ta ce, "Wannan ai ba na asibiti ba ne, ku nemi mai ruƙiyya." Duk ido ya dawo kaina. Na saɓe shi na fita, ban ko ga Malama ba. In ke ce a ciki wata rana, kika ji irin wannan ihun, ki fito. Ki kai su gindin bishiya inda ba hayaniya ki duba shi a can. Irin wannan yaro ba ya iya layi, kuma mai riƙe da shi ba za ta sake dawowa ba in an kalle ta haka.

Yanzu ranar.

Ranar farko ta girbin gero ce. Kowa ya tafi gona, ke ma kin kai abinci. Iya ta tashi da gudawa, sau huɗu kafin hantsi. Ina wanke ta, in shanya zani, ta sake. Tana kuka tana cewa, "Allah Ka ɗauke ni in huta da ɗora wa yarinya." Habu kuma ya ga an canza masa komai, ba a dama furarsa a lokacinta ba, an fitar da katifa waje, sai ya rikice. Sau biyu yana fita da gudu. Na biyun a bakin titin Zango na kamo shi, wani mai babur ya taka birki har buhunsa ya faɗi, ya zage ni tas.

Daga nan ban wuce gida ba. Na biya wurin mai kemis, Habu a hannuna. Na ce Iya ce ba ta samun barci. Bai tambaye ni komai ba, ya ƙulla min 'yan ƙananan ƙwayoyi a leda. Na murƙushe biyu da bayan ludayi na dama a fura na ba shi. Na jira kaɗan na ga yana ta zagaye, sai na ƙara ɗaya a sauran furar. Ya karɓa daga hannuna ya shanye, don bai taɓa tsammanin wani abu daga wurina ba sai alheri.

Ba zan ce miki ban san abin da nake yi ba. Na sani. So nake in sami awa biyu in gama da Iya in zauna. Kuma abin da ya fi ba ni kunya, da ya yi shiru na ji daɗi. Na gama wanki, na share tsakar gida, har ina 'yar waƙa. Sai da kuka dawo da la'asar ya yunƙura zai kawo buta, ƙafafunsa suka harɗe ya kife. Sauran kin gani. Kina jijjiga shi kina kiran sunansa, Baffa yana tofa masa addu'a, ni ina tsaye da tsintsiya. Baffa ya ce, "Zulai, me ya ci?" Na ce, "Furarsa ce kawai." Sai washegari da hantsi ya dawo daidai. Sauran ƙwayoyin na jefa a masai.

Kada ki taɓa ba wani magani don ke ki huta. In kin gaji, ki fita ki buga ƙofar maƙwabta ki ce na gaji. Gidan Goggo Asabe taku goma ne daga namu, da na kira ta da ta zo da gudu. Kunyar a ce na kasa ce ta hana ni. Na ji kunyar abin da ba laifi ba, na je na aikata laifi. In kin zama malama kuma, kika ga yarinya ita kaɗai da tsohuwa da yaro irin Habu, ki tambaye ta wa ke karɓarta. Ita ma mara lafiya ce, ba ta dai kwanta ba.

Kada ki riƙe Baffa a zuciya. Tsoro ne ya kama shi. Shekaranjiya Iya ta yi masa magana, ita da ko sunansa ba ta faɗa. Yana tsugune a bakin ƙofa, ta juya fuskarta bango ta ce, "A bar min maigidana. Wa zai kawo min buta?"

Baffa ya ce, "Iya, kin ji yadda ya faɗi. Da can ihu ne da gudu, na yi haƙuri shekara da shekaru. Yanzu aljanun sun fara kayar da shi. In suka kashe shi a hannuna, me zan ce wa ubansa in ya dawo daga kurmi?"

Amsar tana wurina, ina bayan ƙofa riƙe da kwanon koko. Bayan ya fita ta ce min, "Ke 'yar nan, kwana biyu ba kya cin abinci. Ko aure kike so?" Na ce a'a. Ta daɗe tana kallona da idon nan nata da ba ya gani sosai, ta ce, "To Allah Ya sauwaƙe miki abin da kika haɗiye."

Kin ga gidanmu kowa mai kunya ne, kuma ana yabonmu da ita. Ba na ce ki zama mara kunya ba. Ki rusuna wa malamanki, ki rufe jikinki, ki tsare sallarki a kan lokaci. Amma in ba ki gane karatu ba ki ɗaga hannu. In jikinki yana ciwo ki faɗi wurin, ko ina ne. In wata a ɗakinku tana kwance ana cewa da sauƙi, ki ɗaga bargon ki duba. Kada ki ba da aron sabulunki duka a makon farko, na san ki. Yajin yana cikin gwangwanin madara, man shanun kuma Iya ce ta ce a sa miki, ta ce ki daina kuka kamar wadda za a kai gidan miji.

Allah Ya buɗa miki ƙwaƙwalwa, Ya raba ki da sharrin mutum da na aljan, Ya kare ki daga ciwo da mugun abokin zama. Allah Ya jiƙan Inna, Ya dawo mana da Baba lafiya, Ya ba Iya sauƙi na gaskiya. Ki sa ni a addu'a, musamman gobe.

Don na yanke shawara, ban yi ta da kowa ba. Na aika wa Malama Indo ta bakin Goggo Asabe cewa maigidan yana nan ranar Laraba, ta daure ta zo. Kafin nan, gobe Litinin in Baffa ya dawo daga gona ya yi la'asar, zan kai masa ruwa zaure. Zan ajiye kofin in zauna. Zan faɗa masa ƙwaya nawa ne, da inda na saya, da saƙon Malama da na riƙe wata biyar. Wataƙila ya dake ni. Wataƙila matan gida su ji, gari ya ɗauka, a riƙa nuna ni a famfo. Na auna wannan da ƙafar Habu, na ga nawa mai sauƙi ne.

Kada ki ce za ki dawo, kada kuma ki sa a kira waya. Ki yi karatunki. In an ba ku hutu kika shigo gida, ki wuce ɗakin Iya kai tsaye. Ki lura da ƙafarki a bakin ƙofa, kada ki ɓata wa Habu layi. In Allah Ya yarda nan za ki same shi.

Wassalam.

Yayarki,
Zulai